Tupac Shakur: Ɗan Daba Ne Ko Ɗan Gwagwarmaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da nake riƙo ya tsunduma cikin waƙar hip-hop, ba shi da magana sai ta Tupac. Ni dai abin da na sani game da mutumin nan shi ne ɗan daba ne, ya yi zaman gidan yari, daga ƙarshe aka harbe shi. Shi kuwa yaron ya dage cewa ɗan gwagwarmayar kare baƙar fata ne, kuma ba a taɓa yin mawaƙi kamarsa ba. Don Allah wane ne Tupac a gaskiya? Kuma ya kamata hankalina ya tashi ganin wanda ƙanena ya ɗauka gwaninsa?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki ladan riƙo, ya raya mana shi. Idan na fahimce ki da kyau, abu biyu kike son sani: wane irin mutum ne Tupac Shakur, sannan ko son da ƙanenki ke yi masa abin tsoro ne. Sana'ata haɗa sauti ce a situdiyo, na daɗe ina ɗaukar muryoyin matasa masu wannan waƙa, kuma da wuya a yi zama da su sunan mutumin nan bai fito ba. Ke da ƙanenki kowa ya riƙo wani yanki na gaskiya, sai dai ku biyun kun tsallake abu ɗaya, wato wanne ya riga wanne a rayuwarsa. A gidan 'yan gwagwarmayar siyasa aka haife shi, a makarantar koyon wasan kwaikwayo ya yi karatu, kuma shigarsa tsundum cikin rikicin ƙungiyoyin daba na Los Angeles ta zo ne a watanni 11 na ƙarshen rayuwarsa. Waƙoƙin da suka sa masana ke girmama shi har yau, akasarinsu ya riga ya yi su kafin nan. Baiwarsa ta girmi dabar, kuma dabar ce ta katse ta yana ɗan shekara 25.

Gidan da ya fito

An haife shi ranar 16 ga Yuni, 1971, a unguwar Harlem ta birnin New York. Mahaifiyarsa Afeni Shakur 'yar ƙungiyar Black Panther ce, wadda Huey Newton da Bobby Seale suka kafa a Oakland a 1966 don tunkarar zaluncin da 'yan sanda ke yi wa baƙaƙen fata. 'Yan ƙungiyar na ɗaukar bindiga, suna kuma ba yaran talakawa karin kumallo kyauta kafin su tafi makaranta. Hukumar FBI ta ɗauke su babbar barazana, ta yi ta yi musu zagon ƙasa. A 1969 aka kama Afeni cikin mutum 21 da aka tuhuma da shirin tayar da bama-bamai a New York. Matar nan ta zaɓi ta kare kanta da kanta a gaban kotu, ga ta da juna biyu, kuma a watan Mayun 1971 aka wanke su. Bayan wata guda ta haihu. Sunan da ta ba yaron, Tupac Amaru, na wani jagoran 'yan asalin ƙasar Peru ne da ya yi wa Turawan Sifaniya bore suka kashe shi a 1781. Mijin uwarsa kuwa, Mutulu Shakur, ya shiga jerin mutum goma da FBI ta fi nema ruwa a jallo, aka kama shi a 1986, ya shafe shekaru sama da talatin a kurkuku.

To kin ga yaro ne da ya tashi yana jin manya na zancen juyin juya hali a tsakar ɗaki, alhali wani watan ko kuɗin haya babu. Sun yi ta ƙaura daga wannan gida zuwa wancan. A 1984 suka koma Baltimore, inda daga baya ya samu shiga makarantar koyon fasaha ta birnin, ya koyi wasan kwaikwayo da rubuta waƙe da rawa, ya yi wasannin Shakespeare, ya ƙulla abota da Jada Pinkett wadda ta zama shahararriyar 'yar fim. Ina roƙon ki riƙe wannan, domin zai yi mana amfani a gaba: horarren ɗan wasan kwaikwayo ne tun kafin duniya ta san shi da waƙa.

A 1988 iyalin suka koma Marin City a jihar Kalifoniya, a nan ne kuma gida ya rushe. Afeni ta faɗa shan crack, wani nau'in hodar iblis mai arha da ya yi wa unguwannin baƙaƙen fata kaca-kaca a shekarun 1980. Gwamnatin Amurka ta tunkari annobar da ɗauri. Wata dokar 1986 ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga wanda aka kama da giram 5 na crack, hukuncin da mai farar hoda ba ya fuskanta sai an kama shi da giram 500. Crack ta talaka ce, farar hoda ta masu hali, don haka gidajen yari suka cika da samarin baƙaƙen fata. Wanda bai san wannan ba zai ji waƙoƙin Tupac na farko a matsayin ihu kawai. A wannan yanayi ya bar gida, ya bar makaranta, ya riƙa kwana a wurin abokai. A 1990 ya samu shiga ƙungiyar mawaƙa ta Digital Underground a matsayin mai ɗaukar kaya da rawa a bayan dandamali. A Nuwamban 1991 ya fitar da faifansa na farko, 2Pacalypse Now. Daga nan zuwa mutuwarsa shekara biyar ba ta cika ba. Duk abin da ake faɗa a kansa, a cikin wannan ɗan taƙin ya faru.

Abin da ya sa ake kiransa gwani

A nan ne nake da abin cewa daga aikina. Idan ana maganar sarrafa amsa-amo da saƙa kalmomi masu sarƙaƙiya, akwai waɗanda suka fi shi a zamaninsa. Rakim ya fi shi, Nas ya fi shi, shi kansa Notorious B.I.G. ya fi shi iya zama a kan kiɗa cikin natsuwa. Tupac yakan maimaita kalmomin ƙarshen ɗango iri ɗaya a waƙoƙi daban-daban, wani baitin ma kana ji ka san cikin gaggawa aka rubuta shi. Don haka idan ƙanenki ya ce babu kamarsa ta kowace fuska, soyayya ce ke magana. Amma akwai abu biyu da ban ji wanda ya kamo shi a kansu ba.

Na farko, yana ɗaukar babbar matsala ya sa mata fuskar mutum guda. A faifansa na farko akwai waƙar Brenda's Got a Baby, wadda ya rubuta bayan ya karanta wani labari a jarida. Labarin yarinya ce 'yar shekara 12 da ɗan'uwanta ya yi wa ciki, iyayenta ba su ko lura ba, ta haihu ita kaɗai a banɗaki, ta jefa jaririn a shara, kukansa ya sa ta koma ta ɗauko shi, daga ƙarshe talauci ya tura ta karuwanci aka kashe ta. Bai tsaya yi wa kowa wa'azi a kan talauci ba, ya bi yarinyar ne taki-taki har kabari, ya bar mai sauraro da nauyin abin. Matashi ɗan shekara 20 ne ya rubuta wannan. A 1993 ya yi Keep Ya Head Up yana rarrashin matan da maza suka gudu suka bari da renon 'ya'ya, ya kuma sadaukar da ita ga wata yarinya 'yar shekara 15 da mai kanti ta harbe a Los Angeles a kan kwalbar lemo. Sai kuma Dear Mama ta 1995, wadda a ganina ita ce ƙololuwar aikinsa. Bai ɓoye shaye-shayen uwarsa ba, bai ɓoye cewa sun yi faɗa ta kore shi ba, amma ya tsaya a kan cewa macen da ta dawo daga aiki a gajiye ta haɗa musu abinci da ɗan abin da ke akwai, ba a iya biyanta. Rubuta irin wannan ba tare da an yi wa uwa ƙaryar yabo ko an tozarta ta ba abu ne mai wuyar gaske. A 2010 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa waƙar cikin jerin sautukan da ake adanawa don tarihin ƙasar.

Na biyu shi ne murya, kuma nan ne horon wasan kwaikwayo ya yi aikinsa. Daga ƙirji yake magana, yana jan wasalin ƙarshen ɗango irin yadda masu wa'azin cocin baƙaƙen fata ke yi, har ka ji kamar kai kaɗai yake yi wa magana. Yakan ɗauki baiti, ya sake ɗora wata muryar a kansa, wani lokaci har ta uku, kuma ba ya damuwa sai sun hau juna daidai. Mu a situdiyo mun saba mu yi ta gyara irin wannan har muryoyin su zama ɗaya. Shi kuwa wannan ɗan saɓanin ne ke ba sautinsa kauri da zafi. Ba ya son dogon zama a kan waƙa guda: ya rubuta, ya shiga, ya ɗauka, a kawo kiɗa na gaba. Matasan da ke zuwa wurina suna kwaikwayonsa kusan dukkansu ihun suke ɗauka su bar labarin. Na kan ce wa yaro ya ajiye zancen bindiga da bai taɓa riƙewa ba, ya rubuta mini baiti 16 a kan mutum ɗaya da ya sani, ya canja masa suna, ya gaya mini shekarunsa da abin da ke hana shi barci. Waɗanda suka iya wannan su ne ke daɗewa a sana'ar.

Haka ma a fim. A 1992 ya fito a Juice a matsayin Bishop, matashin da bindiga ta haukata, kuma ya yi wasan da har mutane suka daina bambance shi da wanda ya kwaikwaya. A 1993 ya fito tare da Janet Jackson a Poetic Justice.

Inda ya yi laifi

Ba zan wanke shi ba, domin tarihin bai wanke shi ba. Wasu rigingimun an zalunce shi ne: a 1991 'yan sandan Oakland sun yi masa duka a kan tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba, ya kai ƙara aka biya shi diyya. A 1992 mataimakin shugaban ƙasa Dan Quayle ya fito ya ce faifansa ba shi da gurbi a cikin al'umma, bayan wani matashi da ya kashe ɗan sanda a Texas ya ɗora laifin a kan waƙoƙin. Amma wasu kuwa da hannunsa a ciki. A shekarar 1992 ɗin, a wata hatsaniya a Marin City, harsashi daga bindigar da ke da rajista da sunansa ya kashe yaro ɗan shekara 6. Ba a hukunta kowa ba, an sasanta da iyayen da kuɗi. A 1993 ya harbi wasu 'yan sanda biyu da ba sa bakin aiki a Atlanta, daga baya aka janye tuhumar. An ɗaure shi kwana 15 a kan dukan wani daraktan fim. Mafi muni, a Disamban 1994 kotu a New York ta same shi da laifin cin zarafin wata mata a ɗakin otal, ko da yake ta wanke shi daga tuhume-tuhumen da suka fi nauyi. An yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi. Ya musanta laifin har ya mutu, amma a hirar da mujallar Vibe ta yi da shi yana tsare ya amsa cewa yana zargin kansa da rashin kare matar. Mutumin da ya yi waƙar rarrashin mata shi ne kotu ta kama da wannan laifi, shi ne kuma ya cika wasu waƙoƙin da zagin mata da batsa. Masoyinsa na gaskiya sai ya iya ɗaukar duka biyun.

Kwana ɗaya kafin wannan hukunci, ranar 30 ga Nuwamba, 1994, wasu suka tare shi a zauren situdiyon Quad da ke Manhattan, suka yi masa fashi, suka harbe shi sau biyar. Ya bar asibiti likitoci na hana shi, ya je kotu a keken guragu. Abokinsa B.I.G. da Sean Combs, maigidan B.I.G. ɗin, suna saman benen a daren. Tupac ya ƙudurta a ransa cewa sun san da shirin. Sun musanta, kuma ba a taɓa gurfanar da su a kan haka ba, amma daga ranar ya daina yarda da kowa.

Belin dala miliyan 1.4

Wannan shi ne mararrabar rayuwarsa, kuma shi ne sashen da nake so kowane matashin mawaƙi ya haddace. Yana kurkukun Clinton a jihar New York faifansa na uku, Me Against the World, ya fito a Maris 1995 ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na faya-fayen da suka fi ciniki a Amurka, abin da bai taɓa faruwa da mawaƙin da ke ɗaure ba. A waccan hira ta Vibe ya ce ya yi sallama da rayuwar tagayyara da rigima. Ina ganin da gaske yake. Matsalar ita ce kuɗinsa sun ƙare a wurin lauyoyi da ɗawainiyar dangi, ga shi an ba shi damar beli kafin a saurari ɗaukaka ƙararsa, amma sai an ajiye dala miliyan 1.4. Wanda ya zo da mafita shi ne Suge Knight, mai kamfanin Death Row na Los Angeles, mutumin da ke kewaye da 'yan ƙungiyar daba ta Bloods. Sharaɗinsa faifai uku. A cikin kurkuku Tupac ya sa hannu a kan yarjejeniyar da aka rubuta da hannu, a Oktoban 1995 ya fito.

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga filin jirgi kusan kai tsaye ya wuce situdiyo. A Fabrairun 1996 All Eyez on Me ya fito, faifai biyu a haɗe, waƙoƙi 27, cikinsu har da California Love da ya yi da Dr. Dre. Shi ne faifansa da ya fi ciniki, kiɗansa kuwa babu na yarwa, amma idan kika saurare shi bayan na 1995 za ki ji mutumin ya canja. Tunani da nadama sun ja baya, alfahari da barazana da shagali sun yi gaba. Abokan gabar kamfanin sun zama nasa. A tsakiyar 1996 ya saki Hit 'Em Up, zambo mai tsananin muni ga B.I.G. da kamfanin Bad Boy na Sean Combs, wanda ya wuce gasar baki ya shiga mutuncin iyali da barazanar kisa. Jaridu suka hura wutar da sunan yaƙin gabashi da yammacin Amurka, domin rigima na sayar da takarda kamar yadda take sayar da faifai.

Ga kuma ɓangaren kuɗin. A irin wannan kwantiragi, duk abin da kamfani ya kashe wa mawaƙi bashi ne: kuɗin situdiyo, bidiyo, motoci, sarƙoƙi, hayar gida, masu gadi. Sai an cire su daga kasonsa kafin ya ga ko sisi. Bayan mutuwarsa mahaifiyarsa ta tarar ko gidan da yake ciki ba nasa ba ne, Death Row ma cewa ta yi ita ke bin sa miliyoyin daloli. Sai da Afeni ta shiga kotu kafin ta karɓo iko da waƙoƙinsa da ba a fitar ba, ta kafa kamfanin Amaru a 1997.

Daren Las Vegas da abin da ya biyo baya

Ranar 7 ga Satumba, 1996, ya je kallon damben Mike Tyson da Bruce Seldon a otal ɗin MGM Grand. Bayan an tashi aka nuna masa Orlando Anderson, ɗan ƙungiyar daba ta Crips, abokan gabar Bloods, wanda ake zargi da ƙwace sarƙar wani yaron Death Row. Rigimar ba tasa ba ce, amma shi ya fara kai duka, kyamarorin otal suka ɗauka. Bayan 'yan sa'o'i, motar da Suge Knight ke tuƙa shi ta tsaya a danja, wata farar Cadillac ta matso aka buɗe wuta, harsashi huɗu suka same shi. Ya cika ranar 13 ga Satumba. Bayan wata shida, ranar 9 ga Maris, 1997, aka kashe B.I.G. a Los Angeles yana ɗan shekara 24. Anderson ya musanta hannu a kisan, shi ma an kashe shi a 1998 a wata rigima daban. Sai a Satumban 2023 aka kama kawunsa Duane Davis aka tuhume shi, bayan ya yi shekaru yana faɗa a hirarraki cewa yana cikin farar motar. Ya musanta laifin a gaban kotu, kuma yanke hukunci aikin alƙali ne.

Idan ƙanenki na cikin masu cewa Tupac na nan da rai, ki gaya masa tushen jita-jitar shi ne yawan aikinsa. Ya bar tarin waƙoƙi a ajiye, har faya-fayen da suka fito bayan mutuwarsa suka fi waɗanda ya gani da idonsa yawa, farawa da wanda ya yi da sunan Makaveli da ya fito a Nuwamban 1996. An wallafa rubutattun waƙoƙinsa na ƙuruciya a 1999, an kuma shigar da shi zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll a 2017.

Batun ƙanenki

Ni Tupac ta faya-fayensa da hirarrakinsa da abin da kotuna suka bayyana na san shi, ƙanenki kuwa ke kika san shi, don haka ki auna maganata da abin da kike gani a gida. Hukuncin kiɗa da waƙa a addini kuma fagen malamai ne, su za ki tuntuɓa. Abin da na gani a aikina shi ne hani kai tsaye ba kasafai yake raba yaro da waƙa ba, sai dai ya raba shi da gida, ya koma yin ta inda ba a ganinsa. Zuba masa ido a bar shi shi ma kasada ce, domin waƙoƙin nan cike suke da ashar da batsa da zancen makami, kuma yaro na iya ɗaukar wasan kwaikwayo a matsayin darasin rayuwa.

Shawarata ki zauna da shi ki ce ya zaɓo miki waƙoƙin Tupac uku da ya fi so ya bayyana miki abin da suke cewa. Zaɓinsa zai gaya miki abu mai yawa. Idan ya kawo labarin Brenda ko waƙar uwa, kuma ya iya bayaninsu, marubuci ne ke tasowa a hannunki, sai ki nemi ya karanta miki nasa. Idan zambo da barazana kaɗai ke burge shi, ki tambaye shi me ya kai mutumin da ya ce ya tuba a farkon 1995 ga kai wa ɗan daba duka a 1996, a kan sarƙar da ba tasa ba, ki saurari amsarsa. Abin da ya kamata ya tayar miki da hankali ya wuce hoton da ke bango: su wa yake yawo da su, wa ke biya masa kuɗin situdiyo kuma me yake so a madadin haka, ko ya fara shaye-shaye, ko karatunsa ya ja baya, ko zambon da yake yi ya fara ambaton mutanen da zai iya haɗuwa da su a hanya.

Ranar da wani ya zo masa da takarda kuwa, ko da shafi ɗaya ce, kada ya sa hannu sai lauyan da ku kuka ɗauka ya karanta. A duba wa zai mallaki ainihin sautin da aka ɗauka, shekara nawa ko faifai nawa aka ɗaure shi, me da me za a cire daga kasonsa kafin a biya shi, da kuma ta wace hanya zai iya fita idan zama ya ƙi daɗi.